Jawabin Ranar Taro: Kwana Biyu A Kan Ruwan Tiga

 

Da sakatare ya ce in yi magana a kan yawon buɗe ido, wasu sun zaci zan ba da labarin Misira, inda Turawa kan kwana a jirgi daga Luksor zuwa Aswan. A'a, nawa bai kai can ba. A bayan gidanmu ne, kan ruwan Tiga.

Dukanmu mun san Kogin Kano, amma yawancinmu ta tagar mota muka san shi. Daga duwatsun kudu yake gangarowa, wajen ƙasar Doguwa, ya ratsa dajin Falgore, ya bi ta ƙasar Tudun Wada, sannan madatsar Tiga ta tare shi a ƙasar Bebeji. An fara ginin madatsar a 1971, aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ruwan da take iya riƙewa a lokacin ya kusa kubik mita biliyan 2. Malaminmu na labarin ƙasa ya sha rubuta mana wannan a allo. Allah ya gafarta malam, yau dai na amsa tambayar da na faɗi a aji uku.

Mu huɗu muka tafi bayan an ɗauke ruwa, lokacin tafki ya cika. Jirgin shaƙatawa ba mu samu ba, sai kwale-kwale mai inji na wani ɗan fito, muka yi ciniki har da kuɗin mai. Muna barin gaɓa na waiwaya, sai ga otal ɗin Rock Castle a kan dutsensa, ya zama ɗan ƙarami. Can tsakiya kuwa iska ta taso, ruwa ya fara marin gefen jirgi, hira ta mutu. Abokinmu da ya fi kowa cika baki a mota shi ya fara salati.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tungayen masunta. Ba garuruwa ba ne na a zo a gani: bukkoki ne, da tarun da aka shanya, da hayaƙin banda. Duk inda muka tsaya sai an kai mu mu gai da babba kafin a yi maganar kifi. A tunga ta biyu muka kwana, aka gasa mana karfasa da tarwaɗa. Wani dattijo ya nuna mini tsakiyar ruwa da sandarsa ya ce, "Ɗana, gonar mahaifina tana ƙarƙashin can." Na ce, "Baba, kana jin haushin dam ɗin?" Ya yi dariya ya ce da manomi ne, yanzu ruwa ya mai da shi masunci, 'ya'yansa kuma suna noman rani a Kadawa. Ban san abin da zan ƙara ba. Ruwan nan shi ne shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, shi ne kuma ambaliyar da ta ragu a fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya suka daɗe suna kuka.

Kashegari muka nausa kudu har ruwa ya tsuke ya koma kogi, yashi ya fara kama jirgi. Matuƙi ya ce iyakarsa ke nan. Doguwa da Riruwai sai da mota muka ƙarasa.

To, ga inda nake so ku saurare ni da kyau. A duk tafiyar nan ban ga rigar ruwa ko ɗaya ba, sai huɗun da muka taho da su daga Kano. Na ga jirgin fito ranar kasuwa ya ɗauko mata da yara da buhuna da babur, bakinsa saura ɗan yatsa ya sha ruwa. Kun tuna abin da ya faru a ruwan Watari, ƙasar Bagwai, a ƙarshen Nuwamba 2021, inda jirgi ya kife da 'yan makarantar Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu.

Shawarata biyu ce. Taron baɗi mu haɗu a Kwanar Dangora, mu ɗunguma zuwa Tiga, mu tafi da 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu su ga kogin da suke zanawa a takarda. Sannan kowane aji ya sayi rigunan ruwa goma, idan mun gama yawonmu mu bar wa 'yan fito ta hannun sarkin ruwa. Ajinmu ya riga ya biya nasa, ma'aji yana nan zai shaida. Malamanmu kuwa ba za mu karɓi kuɗin jirgi daga hannunku ba.