Idan Kibiyar Kwamfuta Ta Ƙi Jin Linzami



An ba ni 'yan mintuna in yi magana a kan matsalar da za a ɗauka ƙarama ce, wato kibiyar nan da muke juyawa da linzami a fuskar kwamfuta, idan ta shiga karkarwa ko tsalle ko tafiya ita kaɗai. Ni ma ƙarama na ɗauke ta, sai a ƙarshen zangon da ya wuce. Ina gida da dare ina shigar da makin 'yan aji biyar a Excel, kibiyar ta yi tsalle ta danna wani layi ban lura ba. Maki 78 na lissafin wata yarinya ya faɗa gurbin wani yaro, ya shafe nasa, ita kuma ta tashi babu komai. Da ban koma na gwada da rajistar takarda ba, da yara biyu sun kai gida sakamakon da ba nasu ba.

Abin da na koya shi ne, kada a yi gaggawar kai kwamfuta wurin mai gyara. A bi matsalar daki-daki, a canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, a fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko an dace ba zai san wanne ne maganin ba.

A fara da inda linzamin yake zaune. A ƙarƙashinsa akwai ɗan haske, galibi ja, da wata 'yar kyamara mai ɗaukar hoton saman tebur fiye da sau dubu a daƙiƙa ɗaya. Da bambancin hotunan nan yake gane inda aka tura shi. Saboda haka gilashi da leda mai ƙyalli suna rikita shi. Haka ma zare ɗaya na gashi ko ƙurar hunturu idan ta maƙale a ramin hasken. A goge ramin da busasshiyar auduga, a shimfiɗa takarda marar ƙyalli, a gwada.

In bai daidaita ba, sai a duba hanyar da saƙonsa ke bi. Mai waya, a murza wayar a hankali kusa da kanta, domin a nan take karyewa ta ciki, sannan a canza masa ramin USB. Marar waya, a sa masa sabon batir, a matso da ɗan abin da ke karɓar saƙonsa kusa. Irin waɗannan linzamai suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4, kuma na'urar da aka soke a ramin USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, tana iya yi musu katsalandan. Gwajin da ke raba gardama kuwa shi ne a jona linzamin a kwamfutar maƙwabci. Idan ya yi haukan a can ma, laifin nasa ne.

Masu kwamfutar tafi-da-gidanka, ku lura da faifan nan da ake shafawa da yatsa a ƙasan maɓallai. Tafin hannu yakan taɓa shi ana cikin rubutu, gumi da danshi ma suna ruɗa shi. A saitunan Windows 10 da 11 akwai inda ake umartar sa ya kashe kansa da zarar an jona linzami.

Tawa matsalar a caja take. Ta asali ta ƙone, na sayi mai araha a kasuwa. Faifan yana gane yatsa ne ta ɗan canjin lantarki, caja marar inganci kuwa tana shigo da wuta mai hargitsi, sai ya ɗauka ana taɓa shi alhali ba a taɓa ba. Ina zare cajar kibiyar ta natsu, ina mayarwa ta koma rawa. Gwajin bai kai minti ɗaya ba. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Idan duk waɗannan lafiya suke, a kashe kwamfutar a kunna, a sabunta manhajar da ke tafiyar da linzamin, a kuma binciki ƙwayar cuta.

Alamu biyu ne ba a wasa da su. Ta farko, idan faifan ya tasa sama ko ya yi taurin dannawa, mai yiwuwa batirin da ke ƙarƙashinsa ne ya kumbura. A daina yi masa caji, kada a danne shi ko a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta. A kai wa gwani ya canza. Ta biyu, idan kibiyar tana tafiya kamar mai hankali, tana buɗe fayiloli, to wataƙila wani ne daga nesa ya shigo. A katse intanet nan take, a canza kalmomin sirri daga wata na'urar daban, musamman na bankin da albashi ke shiga.

Kafin a shawo kan matsalar, a ajiye linzamin gefe yayin shigar da maki. Maɓallan kibiyoyi huɗu da Enter sun isa yawo a cikin jadawali, Ctrl da Z suna warware kuskure, Ctrl da S suna adana aiki. Kuma kada a miƙa sakamako sai an karanta shi suna bayan suna, ana gwadawa da rajista. Uban da zai buɗe katin ɗansa bai san wata kibiya ba. Sa hannun malami zai gani a ƙasa.