Jawabin Faɗakarwa Kan Ƙidayar Masu Ziyartar Shafukan Intanet



Maganar da ta tara jama'a a nan ita ce ƙidaya. Duk ɗan Nijeriya da ya manyanta ya san ƙidaya ba abin wasa ba ce, tun da an taɓa ƙidaya mutanen ƙasa baki ɗaya a 1973, sa'an nan aka soke sakamakon a 1975 sabili da gardamar da ta biyo baya. Amma ƙidayar da ake nufi yau ita ce ta mutanen da ke leƙa shafin intanet na ma'aikata, ko na makaranta, ko na asibiti, ko na ɗan kasuwa mai tallar hajarsa. A ƙofar ofis akan ajiye littafin baƙi, wanda ya zo ya rubuta sunansa da abin da ke tafe da shi. Shafin intanet ba shi da maigadi, ba shi da masinja. Abin da ke tsaya masa a madadinsu shi ne waɗansu 'yan layuka na rubutun kwamfuta da ake dasawa a cikinsa, waɗanda ke aika rahoto duk sa'ad da wani ya buɗe shi. A kan alkaluman da suka taru ta wannan hanya ne ake yanke shawarar inda za a kashe kuɗin talla, da shirin da za a ci gaba da shi, da wanda za a tsayar. In alkaluman sun karkace, shawara ta karkace ke nan, kuɗi kuma sun salwanta.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Google Analytics. Asalinsa na wani kamfani ne mai suna Urchin, wanda Google ya saya a 2005, ya kuma buɗe shi kyauta ga jama'a a watan Nuwamba na wannan shekara. Shi za a ɗauka misali a cikin wannan jawabi, domin shi ne akasarin masu shafi suka sani.

Da farko ya kamata a san abin da ma'aunin ke ƙirgawa. Ba ya ganin fuskar mutum. Abin da yake yi shi ne ya ajiye wata 'yar alama, wadda ake kira kuki, a cikin burauzar waya ko kwamfutar da aka shigo da ita, in ta komo sai ya gane ta. Sabili da haka malamin da ya duba shafi da kwamfutar ofis da safe, ya sake dubawa da wayarsa da maraice, mutum biyu ne a wurin ma'auni. Gidan da mutum shida ke amfani da waya ɗaya kuwa, mutum ɗaya ne. Alamar ma ba dawwama take yi ba. Tun 2019 burauzar Safari ta kamfanin Apple takan share irin wannan alama bayan kwana 7 in mai ita bai komo shafin ba, watau wanda ya yi mako biyu bai leƙo ba sai a rubuta shi sabon baƙo. Ma'aikacin da ya kai wa shugabansa rahoto cewa mutum 10,000 sun ziyarci shafi, gaskiyar abin da ke hannunsa ita ce burauza 10,000.

Abin da aka fi so jama'a su riƙe shi ne, wannan ma'auni ba ya komawa baya. Abin da aka saita yau, daga yau yake fara aiki, abin da ya wuce kuwa yana nan yadda aka ƙirga shi, ko daidai ko kuskure. Wannan ne ya sa ranar da aka buɗe asusu ta fi kowace rana muhimmanci, ita ce kuma, abin takaici, ranar da aka fi yin aiki cikin gaggawa.

A ɗauki agogo alal misali. Nijeriya tana gaba da Kaliforniya, inda hedkwatar Google take, da awa 8 a wani sashe na shekara, da awa 9 a wani. In aka ɗora asusu a kan agogon can, duk wanda ya shigo kafin ƙarfe 8 ko 9 na safe sai a jefa shi cikin lissafin jiya. Makarantar da ta buɗe rajistar ɗalibai ran Litinin da ƙarfe 7 na safe za ta tarar cunkoson farko ya faɗa ran Lahadi. Ana iya gyara agogon daga baya, amma gyaran ba zai taɓa kwanakin da suka shige ba. Haka nan mai sayar da kaya da Naira ya tabbata Naira ya zaɓa tun farko, kada ya bar lissafinsa a kan dala.

Akwai wani saitin da ya fi wannan ɓoyuwa, ya kuma fi shi ɓarna, watau tsawon lokacin da ake ajiye bayani. A sabon ma'aunin, Google Analytics 4, wanda ake taƙaitawa GA4, mai amfani da na kyauta zaɓi biyu gare shi, wata 2 ko wata 14, in kuwa bai taɓa kome ba, a kan wata 2 yake zuwa. Jimillar alkaluman da ke cikin rahotannin yau da kullum ba ta ɓacewa. Abin da ake sharewa shi ne bayanin filla-filla, wanda da shi ne ake bincike mai zurfi, kamar a tambaya, cikin waɗanda suka fara cika takardar neman aiki, nawa ne suka watsar a shafi na uku, kuma da wace irin waya suka shigo. Ma'aikacin da aka umarta a ƙarshen Disamba ya kawo irin wannan bincike na shekara guda, in ya tarar saitin yana kan wata 2, to, abin da zai samu ba zai wuce na 'yan watannin ƙarshen shekara ba. Mai da shi wata 14 aikin minti ɗaya ne, sai dai ba ya dawo da abin da aka riga aka share.

Har ila yau akwai maganar 'yan gida. Ma'aikatan da ke buɗe shafin ma'aikatarsu sau ashirin a yini domin aiki bai kamata su shiga lissafin baƙi ba, ma'aunin kuma ya tanadi matacin da ke cire su, ta hanyar lambar IP, watau lambar adireshin da layin intanet na ofis yake da ita. A nan lalle a yi hattara. Ofisoshi da yawa da layin kamfanonin waya suke shiga intanet, irin wannan layi kuwa lambarsa takan sauya, takan kuma zama ta tarayya tsakanin mutane masu yawa waɗanda ba su san juna ba. Wanda ya tace irin wannan lamba yana iya korar baƙi na gaskiya tare da 'yan gida, kuma abin da mataci ya cire ba ya dawowa har abada. Don haka ne aka yi masa matsayin gwaji, inda zai nuna waɗanda zai cire ba tare da ya cire su ba. A bar shi a nan kwanaki, a duba, kana a kunna shi.

Wa ke riƙe da makulli? Izinin shiga asusu hawa biyar ne, daga mai iko da kome har zuwa wanda kallo kurum aka yardar masa. Sau da yawa ɗan kwangilar da ya gina shafi shi ke buɗe asusun da adireshin imel na kansa, ranar da aka rabu da shi kuwa sai ya tafi da tarihin shafin gaba ɗaya. Wajibi ne babban makulli ya kasance a adireshin ma'aikata ko na kamfani, a hannun amintattu biyu aƙalla, wanda ya bar aiki kuma a cire sunansa a ranar.

Abin kyauta ba ya rasa iyaka. A GA4 duk abin da baƙo ya yi, buɗe shafi ne, ko danna maɓalli, ko sauke takarda, motsi ɗaya ake rubuta shi. Kowane motsi ƙarin bayani 25 kaɗai yake ɗauka, sunansa kuma ba ya wuce harafi 40. Motsin da mai shafi zai ware ya ce su ne manya, kamar biyan kuɗi ko kammala rajista, 30 ne iyakarsu. Ƙaramin shafi da wuya ya kai waɗannan. Iyakar da ta fi shafar manyan shafuka ita ce ta bincike mai zurfi: in ya haɗa da motsi fiye da miliyan 10, ma'aunin ba ya ƙirga duka, yakan ɗebi wani kashi ya yi kiyasi da shi, kamar yadda mai sayen hatsi ke ɗiban tafi guda daga bakin buhu ya yanke hukunci a kan buhun. Yakan sa alama a kan rahoton in ya yi haka, sai dai mutane ba su cika dubawa ba. Mai son ya mallaki ɗanyen bayaninsa yana iya haɗa asusun da rumbun BigQuery, inda za a riƙa kwafe masa har motsi miliyan 1 kowace rana, amma wannan ma daga ranar da aka haɗa yake farawa. Na kuɗi, Analytics 360, yana ajiye bayani har wata 50, farashinsa kuwa na manyan kamfanoni ne.

Babban darasi a wannan fage ya zo ne da sauyin ma'auni. Tsohon, mai suna Universal Analytics, ya fito a 2012, GA4 kuma a watan Oktoba na 2020. A watan Maris na 2022 Google ya ba da sanarwar ritayar tsohon. Ran 1 ga Yuli, 2023, na kyauta ya daina ƙirga, daga 1 ga Yuli, 2024 kuma aka rufe ƙofa, aka shiga share tsofaffin alkaluma. Ba a ba da hanyar kwashe tarihin tsohon a zuba cikin sabon ba, domin ginin lissafinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya sauke rahotanninsa kafin wa'adi ya tsira da su. Wanda ya yi jinkiri kuwa, ko shekara goma ya yi yana tarawa, ya rasa. Lambar tsohon asusu da UA take farawa, ta sabon da G, duk mai shafin da bai tabbatar wace ce ke cikin shafinsa ba ya sa a duba masa.

Ko waɗanda suka sauya cikin lokaci ba su kuɓuta daga ruɗani ba, domin kalmomin sun zauna amma ma'anarsu ta sauya. A duka biyun, ziyara takan ƙare in baƙo ya yi minti 30 bai yi motsi ba. Amma tsohon yakan yanke ziyara da tsakar dare ya buɗe sabuwa, sabon ba ya yin haka, saboda haka yawan ziyara yana iya raguwa alhali mutanen ba su ragu ba. Tsohon yakan ɗauki wanda ya karanta shafi ɗaya tak ya fita a matsayin wanda ya juya daga bakin ƙofa, ko da ya yi minti goma yana karatu. Sabon kuwa da zarar baƙo ya wuce daƙiƙa 10, ko ya buɗe shafi na biyu, ko ya yi ɗaya daga manyan motsi, ya ɗauke shi wanda ya zauna. Jami'in da ya jera alkaluman 2022 kusa da na 2024 ya ce shafi ya ci gaba ko ya ci baya, ya auna da mudu ne ya gwada da tiya. Wani kuskuren da ake yawan yi lokacin sauyi shi ne a dasa lambar ma'auni sau biyu a shafi ɗaya, sai kowane buɗewa ya zama biyu, a yi ta murna a banza. Ya kamata kowane ofis ya ajiye littafi inda za a rubuta duk saitin da aka taɓa, da ranar, da wanda ya taɓa, domin in alkaluma suka yi tsalle a san dalili.

Saura haƙƙin shi baƙon da ake ƙirgawa. A 2022 hukumomin kare bayanai na Ostiriya da Faransa da Italiya sun yanke cewa yadda ake aika bayanin baƙi zuwa Amurka ta wannan ma'auni ya saɓa wa dokar Turai, sai a watan Yuli na 2023 aka amince da sabon tsari tsakanin Tarayyar Turai da Amurka. A nan gida, hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a watan Janairu na 2019, a watan Yuni na 2023 kuma Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, NDPC. Dokar ta wajabta a sanar da mutum abin da ake tarawa game da shi da dalilin tarawa. Inda aka dogara da yardarsa, shirunsa ba yarda ba ne, yana kuma da ikon janye ta. Tarar saɓawa tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ga manyan masu riƙe da bayanai, miliyan 2 ga sauran, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara in shi ya fi yawa. Ma'aikatar da ba ta son bayanin baƙinta ya fita hannunta tana iya ɗora ma'auni irin Matomo, wanda dā ake kira Piwik kafin 2018, a kan kwamfutarta, amma fa ɗawainiyar tsaro da gyara duk ta koma kanta.

Inda aka fi faɗawa ba da niyya ba shi ne takardun da ake cikawa a shafi. Waɗansu an gina su yadda in mutum ya rubuta sunansa da lambar wayarsa ya aika, sai su bayyana a cikin adireshin shafin da ke biye, ma'aunin kuwa adireshin kowane shafi yake kwashewa. Ta haka sunayen masu neman aiki ko marasa lafiya kan shiga rahoton da ma'aikata da dama ke gani. Sharuɗɗan Google da kansu sun hana a aika masa irin wannan bayani, yana kuma iya rufe asusun da ya yi haka. Maganin farko shi ne a gyara ginin takardar. Na biyu, a kunna saitin da ke goge adireshin imel da sassan adireshin shafi da aka zaɓa kafin a aika. Abin da ya riga ya shiga kuwa sai a nemi a share shi ta hanyar da ma'aunin ya tanada, akwai kuma jiran kwana 7 kafin sharewar ta fara, wanda a cikinsa ake iya janye buƙatar in an ga an yi kuskure wajen zaɓen abin da za a share.