Jawabin Maraba ga Sababbin Likitocin Iyali Masu Neman Ƙwarewa da Za Su Yi Aiki a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

 

Shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Manyan likitoci abokan aikina, ma'aikatan jinya da ungozomomi, iyaye da mata da mazajen da suka rako nasu, sai ku ƙannena da aka taru dominku, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ɗora mini nauyin yi muku maraba da kuma gabatar da ku ga jama'ar da za ku yi wa aiki. Na karanta abin da kowannenku ya rubuta lokacin da yake neman shiga wannan horo, inda aka tambaye ku asalinku da abin da ya ja ra'ayinku zuwa likitancin iyali. Ba zan kama suna ba, amma ya kamata mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su san irin mutanen da ake kawo musu.

A cikinku akwai ɗan manomi daga nan kudancin Katsina, wanda kuɗin masara da auduga suka kai shi jami'a. Akwai wadda ta fara da aikin ungozoma, ta shekara da shekaru tana karɓar haihuwa kafin ta koma aji ta karanta likitanci. Akwai wanda ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo kafin ya riƙe fensir. Wasu sun yi karatu a Zariya ko Kano ko Sakkwato, wasu a Sudan ko Masar. Akwai mai jin Fulatanci tun daga nonon uwa. Akwai kuma wanda hidimar ƙasa ta kawo daga kudancin Nijeriya, ya koyi Hausa a bakin marasa lafiya, da wa'adinsa ya cika ya ce shi ya ga wurin zama. Abubuwan da ke ranku ma sun bambanta. Wannan lafiyar mai ciki ce ta dame ta, wancan tamowar yara, wani hawan jini da ciwon suga, wata sikila saboda ta yi jinyar ɗan'uwa, wani kuma lafiyar ƙwaƙwalwa.

Abin da nake so ku riƙe daga bakina yau shi ne, wannan asalin naku kayan aiki ne, kamar yadda abin awon ƙirji da ke wuyanku yake kayan aiki. Kada ku ajiye shi a ƙofar asibiti ku shiga da Turanci kawai.

Ga dalili. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun lura mata da yawa na zuwa da kumburi da sheshsheƙa 'yan makonni bayan haihuwa, zuciya ta gaza. Sai da suka bi sawu suka tambayi yadda ake jego a ƙasar Hausa kafin suka danganta abin da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa. Daga baya binciken da aka yi a Kano ya nuna talauci da rashin abinci mai gina jiki na da hannu ƙwarai a cutar, kuma har yau ba a rufe maganar ba. Abin da ya ɗauki baƙi shekaru suna tambaya, yawancinku a gabanku aka yi shi a tsakar gida. Kun san wa ke dafa ruwan wankan, kun san maganar uwar miji ce ke da nauyi, kun san cewa idan mai jego ta ce "da sauƙi" alhali surukarta na zaune, sai an sake tambayarta a keɓe. Likitan da ya san wannan ya riga ya ci rabin aikin gano cuta. Kuma idan lokacin binciken kammala horonku ya zo, tambayoyi irin wannan na jiran ku a ƙauyukan nan, babu buƙatar ku aro daga wata ƙasa.

Yanzu bari in yi maganar wurin da za ku, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ƙananan hukumomin nan uku ƙasar albarka ce. Daudawa ta yi suna da auduga tun zamanin Turawa, kasuwar Sheme ta san dabbobi, Ƙanƙara na da farar ƙasa, masara da dawa da waken suya kuwa daga nan suke cika motoci zuwa Funtuwa da Dandume. Amma Faskari na iyaka da Zamfara, Sabuwa na iyaka da Kaduna ta wajen Birnin Gwari, kuma kowa a zauren nan ya san abin da 'yan bindigar da ke dajin yankin suka jawo. Ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana shida aka sako 344. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da waɗannan ukun. Ku tsaya ku auna abin da hakan ke nufi ga matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a ƙauye: ba waya, ba mai babur da zai yarda ya fita, sai a jira gari ya waye. Da yawa daga cikin masu jijjiga da zubar jini da ke isowa asibiti a makare, ba ganganci ya tsayar da su ba, hanya ce.

Za ku ga tamowa a ƙasar hatsi, domin manomin da bai isa gonarsa ba ba shi da abin zubawa a rumbu. Za ku ga mutanen da suka baro ƙauyukansu suka tare a gari, katin rigakafin 'ya'yansu ya ɓace a gudu, ga ƙyanda da mashaƙo suna yawo. Za ku ga wanda aka sako daga daji yana kukan ciwon kai da rashin barci, ya sha maganin maleriya har ya gaji, alhali firgici ne ke cinsa. Ɗan'uwanmu mai sha'awar lafiyar ƙwaƙwalwa, aikinka ya fi na kowa yawa, kuma mafi yawan masu buƙatarka ba za su faɗi abin da ya kawo su da sunansa ba.

Don irin wannan wuri aka kafa fanninmu. A 1978 ƙasashen duniya suka haɗu a Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi. A 1979 aka kafa kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, kuma farkon horon wannan fanni ya kafu ne a asibitocin mishan irin na Jos da Ogbomosho, inda likita ɗaya ke duba yaro da safe, ya yi wa mai naƙuda tiyata da rana, ya ɗaure karaya da dare. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ta fafutukar kai lafiya matakin unguwa da ƙauye. Ku magadan wannan tafiya ne. Za ku zaga sashen yara, da na mata da haihuwa, da tiyata, da cututtukan manya, da ƙwaƙwalwa, ku zauna jarrabawar kashi na ɗaya da na biyu, kuma shekarun ba gajeru ba ne.

Saboda haka ina jan kunnenku a kan abin da kowa ya fi so. Ku riƙe shi, ku zurfafa a cikinsa, amma mara lafiya a Sabuwa ba ya zuwa bisa tsarin sassan asibitin koyarwa. Mace ɗaya za ta shigo da goyo mai zazzaɓi, ga ciki wata bakwai, ga tsohuwa a gida da shanyewar ɓarin jiki, ga miji an riƙe shi ana neman kuɗin fansa. Gida ɗaya ne, kuma ke ko kai ne likitansu duka. Abin da yankin nan ya fi rasawa shi ne likitan da zai zauna har ya san gida, ya ga yaro a wannan damina ya sake ganinsa a ta baɗi, ya tuna cewa yayansa sikila ce ta tafi da shi.

Ga 'yar'uwarmu ungozoma da masu ra'ayinta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya a Nijeriya suke. Amma maganin ba a sama yake ba. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya nuna cewa auna jinin da mai haihuwa ta zubar da leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna gaba ɗaya a kan lokaci, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Kayan da ake buƙata ba su fi ƙarfin babban asibitin ƙaramar hukuma ba. Kowace doguwar naƙuda da kuka tare da wuri, mace ɗaya ce da ba za ta je asibitin Babbar Ruga neman maganin yoyon fitsari ba.

Ku girmama waɗanda kuka tarar. Ma'aikatan lafiya na ƙauye da nas-nas da ungozomomi su suka riƙe asibitocin nan a shekarun da likita ya yi wuyar gani. Su ne ke bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin kariya daga maleriya, da ƙafafunsu aka kori shan inna har aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Afirka a watan Agusta 2020. Ku tambaye su kafin ku ba su umarni. Wanzami da ungozomar gargajiya da mai kemis ma ku jawo su kusa, domin wurinsu ake fara zuwa, kuma su ne za su iya cewa wannan ya fi ƙarfina, a tafi asibiti.

Akwai wata magana mai nauyi da dole in faɗa a gaban iyayenmu. Rikicin nan ya sa zargi tsakanin maƙwabta, har macen ruga na tsoron kawo ɗanta asibitin gari. Ɗakin likita ba ya tambayar ƙabila. Wanda ya shigo da ciwo, Bahaushe ne ko Bafulatani, Musulmi ne ko Kirista, haƙƙinsa ɗaya ne. Mai jin Fulatanci a cikinku, ka yi amfani da shi da babbar murya, a ji a ruga cewa akwai likitan da za a yi wa bayani ba tare da tafinta ba.

Sai ku wakilan gwamnati, ranku ya daɗe. Waɗannan matasa suna da hanyar fita waje kamar yadda abokan karatunsu da yawa suka tafi Saudiyya da Ingila, amma suka zaɓi nan. Ba daidai ba ne a yaba musu da baki a bar su da hannu biyu. Suna buƙatar gidan kwana mai tsaro kusa da asibiti, da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar tiyata ba, da wurin ajiye jini, da motar ɗaukar mara lafiya mai mai a cikinta, da alawus ɗin horon da doka ta tanada a biya shi kan kari. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya na tushe, jihar nan kuma ta ɗauki aniyar samar da asibiti mai aiki a kowace mazaɓa cikin 361. Muna roƙon mazaɓun da ke bakin daji su kasance a sahun gaba wajen rabon, domin can ne buƙatar ta fi tsanani.

Iyayenmu sarakuna, ga amana nan mun danƙa muku. Idan hanya ba ta da kyau, ku ne za ku fara sani, ku gaya musu kada su fita. Ku kuma iyaye da matan aure da mazaje, na ga fuskokinku, na san akwai fargaba. Mu malamansu mun ɗauki alkawarin ba za mu tura su mu juya baya ba. Za mu riƙa zuwa muna duba marasa lafiya tare da su, wayoyinmu a buɗe suke dare da rana, kuma babu wanda za a tilasta wa bin hanyar da bai aminta da ita ba don kawai jadawali ya ce.

A madadin malamanku, na karɓe ku cikin wannan horo daga yau. Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya tsare ku a tafiya da zama, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya dawo da zaman lafiya Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya.