JAWABIN WAKILANMU NA IKKO A TARON ƘUNGIYA

Maigari, Malam Liman, iyayenmu dattawa, da ƴan'uwa ƴan cin rani, muna gaishe ku. Ƴaƴanku mazauna Ikko ne suka aiko mu da wannan magana.

Kwanan baya mun ɗunguma mun tafi Ebute Metta, cikin unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, mun ziyarci wani tsohon bene da ake kira Gidan Jaekel. An gina shi a 1898. Da fari babban manajan reluwe ne ke zaune ciki, daga baya aka mai da shi masaukin manyan ma'aikata. Da ya tsufa har ya soma lalacewa, wata ƙungiya mai suna Legacy ta tashi tsaye, aka gyara shi a 2010. A ciki mun ga hotunan dā da kayan aikin reluwe, kowanne an goge an ajiye.

To, ina ruwan Sabon Gida da gidan Turawa a Ikko? Da ruwanmu. Dogon da ya tashi daga nan ya kai Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, reshensa kuma ya ƙare a Ƙaura Namoda a 1929. Dattawan da ke nan sun sani, in an gama girbi, kakanninmu kan bi ta Bangi, Sabon Birni, Isa da Shinkafi a ƙasa, har Ƙaura, su shiga jirgi su tafi neman kuɗin lanho da na tufafi. Amma mun duba bangon gidan nan kaf, ba mu ga fuskar ko ɗayansu ba. Wanda ya adana kayansa, shi ake tunawa da shi.

Nan ne hankalinmu ya dawo gida. Zauren baƙin nan na bakin kasuwa, da kuɗin cin rani iyayenmu suka gina shi, don fatake da masu sayen albasa su sami wurin kwana. Yau azara ta karye, bango ya tsage, awaki ne ke kwana ciki. In damina ta same shi haka, sai dai labari.

Saboda haka ga shawararmu. Kowane ɗan cin rani ya ba da jika biyu kafin ya koma. Samarin da ke gida su ɗauki kwaɓa ƙasa da yaɓe. Dattawa kuma su zauna da malamin makaranta, ya rubuta sunayen waɗanda suka gina zauren da garuruwan da suka je, a liƙa ciki. Mu na Ikko mun ɗauki kuɗin kwano da ƙofa, ga shi hannun ma'aji.

Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu.