Maganin Toshewar Hanci: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

 

Abin da zan yi magana a kansa ƙaramar kwalba ce wadda ba ta kai tsawon yatsa ba. Kowa ya san yadda hunturu yake a Jega da Aliero da Maiyama. Hazo yana sauka, ƙura tana tashi, mura kuma ta shiga kowane gida. Da hanci ya toshe sai a garzaya kemis a sayo maganin ɗigawa ko na fesawa. Sau da yawa ma ku ne kuke kawo shi tsaraba.

Wani tsohon ɗalibina, direba mai ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Kudu, ya zo gaishe ni. Kafin mu gama gaisawa ya fesa sau biyu. Ya ce mini ya fi shekara bai yi barci ba sai da kwalbar a ƙarƙashin matashinsa. Shi a zatonsa mura ce ta ƙi warkewa, alhali maganin ne ya zame masa cuta.

Ga yadda abin yake. Sinadaran da ke ciki, irin su xylometazoline da oxymetazoline, matse jijiyoyin jinin hanci suke yi, kumburi ya sauka, numfashi ya buɗe. In aka daɗe ana amfani da su, da zarar ƙarfinsu ya sake sai hancin ya kumbura fiye da da, mutum ya sake fesawa. Shi ya sa takardar da ke cikin kwalin take iyakance kwanaki: wasu kwana 3, wasu mako guda. Babu wanda ya yarda a kai wata.

Ƙwayoyin mura na haɗiya ma suna da nasu haɗarin. Masu ɗauke da pseudoephedrine suna iya ɗaga hawan jini, su sa bugun zuciya. A shekarar 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a daina sayar da masu ɗauke da phenylpropanolamine saboda haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa. A 2009 kuma Ingila ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 6 irin waɗannan magungunan mura. Mu kuwa har jarirai ake ɗiga wa na manya.

Roƙona guda uku ne. Na farko, duk wanda zai aika magani gida, ya karanta takardar, ya bayyana wa iyayenmu da Hausa, musamman masu hawan jini da mata masu juna biyu. Na biyu, a koma ga ruwan gishiri na wanke hanci da rufe hanci a cikin ƙura. Wanda kuma ya riga ya saba da kwalbar ya ga likita. Na uku, ƙungiyarmu ta nemi haɗin kan Kwalejin Koyon Aikin Lafiya ta Jega da limamanmu, a wayar da kan jama'a kafin hunturu ya shigo.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.