Maganin Damuwa da Maganin Fuka: Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Batsari da Safana

Wannan jawabi a kan magunguna biyu ne waɗanda sukan haɗu a aljihun mutum guda, alhali likitan da ya ba da wannan bai san da wancan ba.

Sanin kowa ne, sa'ad da 'yan bindigar dajin Rugu suka addabi ƙasashen nan, musamman cikin 2019 da 2020, talakawa da yawa sun rasa dangi da dukiya. Waɗansu barci ya ƙaurace musu, abinci ya fita ransu, watau abin da likitoci ke kira ciwon damuwa. Ɗaya daga cikin magungunan da akan ba su, saboda araharsa, shi ne amitriptyline, wanda aka fara aiki da shi a Amurka cikin 1961. To, a cikin bayin Allahn nan akwai masu ciwon fuka, wadda takan tashi da hazon hunturu, ko ƙaiƙayin sussuka, ko hayaƙin murhu. Maganinta na shaƙa shi ne salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, ya fito a Ingila cikin 1969.

Aikin Ventolin shi ne buɗe hanyoyin iska na cikin huhu, amma yana kuma zaburar da zuciya, shi ya sa wanda ya shaƙa yakan ji hannunsa na rawa, ƙirjinsa na bugawa. Amitriptyline ma yana ƙara wa zuciya sauri, har yakan rikita tsarin bugunta. Idan suka gamu, doki ne ya sha ƙaimi da bulala lokaci ɗaya. Saurayi mai ƙoshin lafiya da ya shaƙa sau biyu, da wuya wani abu ya same shi. Abin tsoro yana ga tsoho, da mai ciwon zuciya ko hawan jini, da wanda fuka ta matsa masa har ya kwana yana shaƙa, gama yawan shaƙar yakan rage gishirin fotasiyam cikin jini, zuciya kuwa ba ta tafiya daidai sai da shi. Ko an daina shan amitriptyline, sai a ci gaba da lura har mako biyu. Har wa yau akwai wani maganin shaƙa, ipratropium, wanda in ya haɗu da shi yakan busar da baki, ya ɗaure wa dattijo fitsari.

Tarkon da ya fi muni kuwa ga shi. Mutum ya ji bugun zuciyar nan, maimakon ya koma wurin likita sai ya tsaya a kyamis, a miƙa masa propranolol. Wannan ƙwaya tana kwantar da zuciya, gaskiya ne, amma tana ƙuntata hanyoyin iska, ta hana Ventolin aiki. Mai fuka na iya rasa ransa ta wannan hanya.

Kada wani ya ɗauka ana nufin a bar magani. Wanda numfashi ya sarƙe masa, lalle ya shaƙa nan take, domin fukar ta fi haɗuwar magungunan saurin kisa. Maganin damuwa kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Likita na da ikon rage shi sannu a hankali, ko ya musanya shi da wani mai sauƙi ga zuciya, kamar sertraline. Wanda ke bukatar Ventolin fiye da sau biyu a mako, a nema masa maganin shaƙa na rigakafi, irin su beclometasone.

Sai dai likita ba ya duba, sai abin da aka gaya masa. Mutane kuwa sukan ɓoye maganin damuwa don gudun a ce da su mahaukata. Nan ne aikin sarakuna ya shigo. Ana roƙon hakimai su umurci dagatai da masu unguwanni su bayyana wa jama'a cewa damuwa ciwo ce kamar sauran cututtuka, ba abin kunya ba ce. Malamai kuma, duk wanda bai iya karatu ba, su kwafe masa sunayen magungunansa daga jikin kwalayen, har da na kyamis da na gargajiya, bisa takarda ɗaya, su riƙe masa asiri. Wanda ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko ya suma bayan ya shaƙa, a kai shi asibitin Batsari ko na Dutsin-ma a ranar, da takardar a hannunsa da kwalayen duka.