Kwana Uku a Shi'an: Jawabin Tawagar da Ta Je Sayayya Ƙasar Sin



Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba, ma'ajiyarmu da sakatariya, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya tun tana adashin tsakar gida, 'yan uwa da baƙinmu na nesa da na kusa, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Mu shida da kuka tura ƙasar Sin sayo kekunan ɗinki da injin liƙe leda mun riga mun miƙa lissafi ga ma'aji, kuma za a buga shi tare da wannan jawabi. Abin da Hajiya shugaba ta ce mu yi bayani a kai yau shi ne kwana ukun da muka yi a birnin Shi'an, domin magana ta yi ta yawo wai mun tafi yawon buɗe ido da kuɗin ƙungiya. To bari mu fara da wannan. Da muka gama sayayya a Guangzhou, sai aka ce ba za a yi lodin kayanmu ba sai bayan kwana biyar. Zaman otal kuɗi ne, tafiya ma kuɗi ce, sai muka zaɓi wadda za mu dawo da wani abu a ka. Kowacce ta kwance bakin zaninta ta biya wa kanta, ko sisin ƙungiya bai shiga ba. Muka hau jirgin ƙasan nan nasu da ke gudun kilomita 300 a awa ɗaya, muka yi wajen awa takwas muna keta ƙasa zuwa arewa.

A takarda za ku ga an rubuta Xi'an, amma Shi'an ake faɗa. Shi ne babban birnin lardin Shaanxi, kuma a dā sunansa Chang'an. Nan ne fadar sarakunan daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, kuma daga nan fatake suke ɗaura kaya su kama hanyar nan ta siliki har ƙasashen Farisa da Larabawa. Garin fatauci ne tun asali, shi ya sa ba mu ji baƙunta sosai ba.

Abin da ya fara tarbar mu shi ne ganuwa. An gina ta a shekarun 1370, zamanin daular Ming, kewayenta ya kusa kilomita 14, tsayinta mita 12, kuma faɗin samanta ya isa motoci su wuce juna. Ana sayen tikiti a hau, a saman kuma akwai masu ba da hayar keke. Babu wadda ta hau keken a cikinmu, kada ku tambaya. Amma mun yi tafiyar ƙafa daga ƙofar kudu har muka gaji, kuma duk wadda ta taso tana ganin yadda badalar Kano ke zaizayewa ana yanka filaye a jikinta ta san abin da ya sa muka yi shiru a wurin.

Rana ta biyu muka ɗauki mota zuwa Lintong, wajen kilomita 40 gabas da gari, inda sojojin nan na yumɓu suke. A 1974 wasu manoma suna haƙa rijiya saboda fari suka ci karo da su. Sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin wuri ɗaya, Qin Shi Huang, wanda ya mutu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya sa aka yi su aka binne kusa da kabarinsa, wai su yi masa gadi. Ana ƙiyasta sun kai 8,000, kowanne tsayin mutum, ga dawakai ga kekunan yaƙi. Ramin farko kaɗai tsawonsa mita 230 ne, an yi masa rumfa kamar ta filin jirgi. Mun san wasu za su ce ai gumaka muka je kallo. Ba a taɓa bauta musu ba, kayan kabari ne, kuma kabarin sarkin kansa har yau ba a tone shi ba.

Babarmu a tafiyar, wadda kakarta maginiyar tukwane ce, ita ta tsaya tana tambayar mai yi mana jagora yadda aka gina su. Ashe gunduwa-gunduwa aka yi: ƙafafu daban, gangar jiki a naɗa yumɓu hawa-hawa kamar yadda ake ɗaga randa, kai kuma a zuba a mazubi, sannan a gyara fuska da hannu, shi ya sa ba za ki ga biyu masu kama ɗaya ba. Abin da ya fi kama mu shi ne an samu sunayen shugabannin maginan a jikin wasu daga cikinsu, an buga ko an zana tun yumɓun yana ɗanye, don idan aiki ya ɓaci a san wanda za a kama. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga tsakiyar gari, inda Hasumiyar Ƙararrawa da Hasumiyar Ganga, waɗanda aka fara ginawa a shekarun 1380, suke, idan kika bi ta bayan ta gangar sai ki faɗa unguwar Musulmi. 'Yan ƙabilar Hui ne, Sinawa ne sak a fuska da harshe, mazan da farar hula, matan da ɗankwali ko hijabi. A wani siririn lungu mai suna Huajue babban masallacinsu yake. Mutanen wurin suna cewa an kafa shi a 742, wato kimanin shekara 120 bayan Hijira, amma ginin da ake gani yanzu yawancinsa daga ƙarshen ƙarni na 14 ya faro. Wallahi da ba a faɗa mana ba, da mun wuce shi. Babu ƙubba, babu doguwar hasumiya irin tamu. Soro ne bayan soro, tsakar gida bayan tsakar gida, da itatuwa da rufin tayil mai lanƙwasassun baki, sai kin ɗaga kai ki ga rubutun Larabci a saman ƙofa an ja shi da salon alƙalaminsu. A ɗakin salla kuma an sassaƙa Alƙur'ani a jikin allunan katako an jera a bango.

Da azahar ta yi, sai babarmu ta ce a nuna mata gabas. Aka nuna mata, ta shimfiɗa ɗankwali, sai wata tsohuwa 'yar Hui ta zo ta kama kafaɗarta tana dariya, ta juya ta. Su Makka tana yamma da su, don haka yamma suke fuskanta. Mu da ko a magana cewa muke "ya fuskanci gabas", ranar mun yi salla muna fuskantar mafaɗar rana.

To yanzu ga abin da ya sa muka nemi a ba mu lokaci a wannan taro, wato abinci.

Da farko, ga duk wadda za ta je: ki nemi kalmar da suke kira "chinjen", wadda ake rubutawa qingzhen. Ita ce halal a wurinsu, yawanci a kan koren allo. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin akwai abincin da sunansa ɗaya ne a ko'ina cikin gari amma namansa daban. Misali roujiamo, wata 'yar gurasa da ake gasawa a tsaga a cusa mata dafaffen nama. A sauran gari da naman alade ake yin ta, a unguwar Musulmi kuma da na sa ko na rago.

Abincin da garin ya fi alfahari da shi sunansa yangrou paomo. Kina zama za a miƙo miki kwano da gurasa mai tauri, ba romo ba nama. Ke za ki zauna ki marmasa ta da yatsu, ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar waken suya. Mu mun ɗauka wasa ne, muka yi manyan gutsattsari, sai muka ga tsofaffin da ke teburin kusa sun fi minti ashirin suna marmasawa suna hira. Idan kin gama sai a ɗauki kwanon, a ba ki lamba, mai girki ya tafasa gurasarki a romon rago da siririyar taliya, a dawo miki da kwanonki, naki na kanki, da tafarnuwa da aka jiƙa a ruwan zaƙi da ɗan barkono a gefe. Mai waina a cikinmu ta ce, "Kun ga dabara? Ya sa mu yi masa rabin aikin, kuma mun biya shi muna murna."

Akwai taliyar da suke kira biangbiang, mai faɗi kamar ɗamara. Mai yin ta a bakin ƙofa yake tsayawa, ya ja kwaɓin ya maka shi a kan tebur, daga ƙarar ne ma aka ce sunan ya fito, sannan a zuba barkono da tafarnuwa a kai a kwara tafasasshen mai. Akwai liangpi, taliya mai sanyi da miyar riɗi. Akwai tsire a jikin ɗanyen reshe, da wani yaji mai ƙamshi da Larabawa ke kira kammun. A gaskiya tsirenmu ya fi nasu, ba su san ƙuli-ƙuli ba.

Kayan zaƙinsu ne suka ba mu mamaki, don duk dangin na gida ne. Wani ɗan itace ja da suke kwaɓawa da fulawa a cusa riɗi da sukari a soya, muka ɗanɗana muka ce wannan ai kanya ce. Ashe kuwa danginta ne, sai dai ya kai girman tumatir. Abin da suke kira jan dabino kuma ɗan uwan magarya ne, shi suke jerawa hawa-hawa da shinkafa mai danƙo da wake a turara a wata tukunya mai zurfi, a yanko miki da safe kina tsaye. Ga ruwan rumman ana matsewa a gabanki. Ga samari biyu da manyan guduma na katako suna dukan alewar gyaɗa da riɗi, wannan ya ɗaga wannan ya sauke, kamar 'yan mata a bakin turmi, jama'a sun kewaye su da wayoyi. Kantu ne fa, jama'a. Kantun da 'ya'yanmu ke yawo da shi a faranti.

Babban titin, Beiyuanmen, na baƙi ne, ya fi tsada da hayaniya. 'Yan gari lunguna suke shiga, irin su Dapiyuan da Sajinqiao, kuma can muka fi zama muna kallo. Abin da muka lura da shi ke nan. Yawancin shagunan abu ɗaya ko biyu suke sayarwa, mai paomo ba ya taɓa alewa. Sunan gidan yana rubuce a saman ƙofa, sau da yawa da kalmar "lao" a gaba, wato tsoho, kamar a ce tsohon gidan su wane, kuma za ki ga uwa a wurin kuɗi, ɗa a bakin wuta. Girkin kuma a gaban shago ake yin sa. Tukunya, wuta, hannun mai girki, duk a idonki. Ba ma jin yarensu, ba su jin namu, amma ba mu taɓa shakkar abin da za mu ci ba, tunda mun ga shigarsa tukunya. Kuɗi ma da wuya ki ga an miƙa, wani ɗan zane ne a manne a bango, a haska shi da waya an biya.

Mu kuma fa? A ƙungiyar nan muna da masu waina, da masu ɗanwake, da masu dambu, da masu fura, da masu alkaki da nakiya waɗanda ba a yin biki a unguwa sai da su. Kusan duka a cikin gida ake yi, yarinya ta ɗauka ta fita talla, wani lokacin ta rasa makaranta, mai saye kuma bai san hannun wa ya yi ba. Idan ya ji daɗi, gobe bai san inda zai nema ba. Idan na wata ya ɓata masa ciki, duk masu waina ne suka ja.

Don haka muna kawo shawara biyu gaban uwar ƙungiya. Ta farko, injin liƙe ledar da muka sayo, kada wata leda ta fita daga cikinsa sai da sunan ƙungiya da lambar wadda ta yi kayan, kamar yadda maginan can suka yi tun shekara dubu biyu da suka wuce. Wannan ba ya cin kuɗi sosai, takardar mannawa ce kawai. Ta biyu ita ce mai nauyi: filin nan na gaban ofishinmu da muke ta maganar a yi shagunan haya, muna roƙon a fara da rumfuna shida na abinci, kowace rumfa abu ɗaya, da murhu a gaba, da gilashin rufe abinci, da famfon wanke hannu guda a tsakiya.

Ma'ajiyarmu ta riga ta faɗa mana ra'ayinta tun a filin jirgi, kuma tana da gaskiyarta. Ta ce su can miliyoyin baƙi ke zuwa kallon ganuwa da sojojin yumɓu su biya ta wurinsu, mu wa zai zo? Kuma kuɗin haya tabbas ne, cinikin abinci kuwa yau da gobe. Wasu kuma sun ce ba kowane maigida ne zai yarda matarsa ta tsaya a bakin titi tana suya ba. Amsarmu ita ce lungunan da muka fi ganin layi a cikinsu ba baƙi ne a layin ba, ma'aikata ne da 'yan makaranta da tsofaffin unguwa, irin waɗanda ke wucewa ta gaban ofishinmu kullum safe da yamma. Wadda ba za ta iya fitowa ba kuma, ta kwaɓa a gida, ƙungiya ta ɗauki wata mamba mai buƙatar aiki ta tsaya a rumfar da sunanta, su raba riba yadda kwamiti ya tsara.

Mun rubuta abin da rumfa ɗaya za ta ci, mun ba sakatariya. Muna roƙon Hajiya shugaba ta sa maganar a taron wata mai zuwa a kaɗa ƙuri'a, kuma masu sana'ar abinci su daure su zo da kansu, kada su aiko. Jan dabinon da muka zo da shi tsaraba yana wurin 'yan matan da ke bakin ƙofa, uku-uku ne, iyayenmu mata su fara ɗauka.